Uwar Haihuwa Da Uwar Riƙo: Abin Da Littattafanmu Suka Faɗa Da Wanda Suka Bari

 

Idan kin taɓa kwana a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke arewacin Kano, wato irin su ƙasar Dawakin Tofa da Bichi da Minjibir da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona har ba a iya ganin daji, na san kin taɓa shiga irin gidan da zan kwatanta miki. Ɗakuna biyu ne suna kallon juna a tsakar gida ɗaya. Ɗaya cike yake da hayaniya, wannan na kuka, wancan na neman tuwo, ga goyo a baya, ga kuma wani cikin. Ɗayan kuwa a share yake tas, kwanuka a jere, gado a gyare, shekara goma sha da aure amma ba a taɓa hura wutar jego a ƙofarsa ba. To amma idan dare ya yi kika leƙa, sau da yawa za ki tarar da yaro ɗaya ko biyu suna barci a ɗakin nan na biyu, kuma idan ɗayansu ya farka da zazzaɓi, mai ɗakin ce za ta kwana zaune a kansa.

A kan waɗannan ɗakuna biyu za mu tattauna a wannan wata. Za mu bi ta hanyar littattafan hikaya da muke karantawa, ko muke saurare a rediyo da wayar salula, mu ga abin da suka faɗa game da matar da ba ta haihu ba, da iyayen da suka haifa suka yi watsi, da kuma wadda ta ɗauki ɗan da ba nata ba ta mai da shi nata. Sannan mu duba inda marubutan suka tsaya, domin kuwa daga nan aikinmu ya fara.

Ɗakin da babu goyo

Mutumin birni yakan ɗauka rashin haihuwa ciwon zuciya ne kawai. A karkara ya wuce haka, domin ya shafi tuwon yau da makwancin gobe. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin yankunan noma mafiya cikar jama'a a Afirka ta Yamma, gonaki ƙanana ne, duk shekara ana noma su babu hutu, gero da dawa da wake da gyaɗa, sai an zuba taki sannan su yi albarka. A irin wannan wuri ɗa hannu ne a gandu, shi ne mai kai taki, mai kiwon awaki, mai tafiya cirani ya aiko da na cefane.

Ita kuwa matar aure da ke cikin kulle, duk sana'arta a kan ƙafar yaro take. Ko ƙuli-ƙuli take yi, ko man gyaɗa, ko fura, ko dambu, sai da mai kai niƙa, mai sayo gishiri, mai kai wa maƙwabta. Wata baturiya mai bincike, Enid Schildkrout, wadda ta zauna a Kano a shekarun 1970, ta rubuta cewa kasuwancin matan kulle a kan aiken yara ya dogara. Kin ga ke nan wadda ba ta da ɗa sai ta yi roƙon ɗan kishiya kafin ta sayi ashana.

Sannan ga maganar gobe. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, rabon matansa a gado tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma ko su huɗu ne shi za su raba. Mai 'ya'ya za ta ci gaba da zama a gidan a inuwar 'ya'yanta. Wadda ba ta haifa ba kuwa, da ta fita takaba sai ta ɗaure kayanta ta koma gidan wanta ko ƙanenta, bayan ta yi shekara talatin tana tuƙa tuwo a gidan da yanzu ya zama na wasu.

A kan wannan kuma sai a ƙara mata da baki. A kira ta juya, a yi mata habaici a gidan suna, a ce tana cin abinci ba ta biya, idan ta tsawata wa yaro a ce ai ba ta san zafin haihuwa ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma mace takan haifi 'ya'ya shida zuwa bakwai a rayuwarta. Ki auna yadda mace ɗaya mara goyo za ta ji a tsakiyar irin wannan taro.

Abin da marubuta suka ce

Tun kafin a fara buga littafi, tatsuniya ta san wannan ciwo. Ki tuna da Ta-Kitse, inda tsohuwa ta wayi gari kitsen sa ya zame mata 'yan mata. Wadda ta ƙirƙiri wannan tatsuniya ta san irin mafarkin da mace ke yi a ɗakin da babu motsin yaro.

Da aka zo zamanin boko, littattafanmu na farko ma da wannan suka buɗe. Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam ya fara ne da wani sarki mai dukiya da mulki wanda ba shi da ɗa namiji, har sai da aka tara malamai arba'in suka yi kwana arba'in suna addu'a, sannan aka haifi Musa. Haka nan Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta, ɗaya daga cikin littattafan da suka biyo bayan gasar rubutu ta 1933. A cikinsa Malam Shehu attajiri ne, ga mata amma babu ɗa, sai ya yi mafarkin cewa idan ya auri Zainabu zai samu. Ya sa dukiya ya raba ta da saurayinta Abubakar, aka haifi yaro ana kiransa Kyauta, kamar yadda akan kira ɗan da aka daɗe ana jira. To amma ramuwar gayyar Abubakar ta bi yaron, ya tashi ɓarawo, daga ƙarshe shi ya kashe uban ba tare da ya san shi ne ba. Darasin a fili yake, ɗan da aka samu ta hanyar zaluntar wani ba lallai ya zama sanyin ido ba.

Ki lura da abu ɗaya, a duka littattafan nan biyu damuwar namiji aka ba mu. Ba a shiga da mu ɗakin matan Malam Shehu ba, mu ji abin da suke ji a daren da aka kawo amarya don ta yi abin da aka ce sun kasa. Sai da mata suka ɗauki alƙalami da kansu, daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980 zuwa ambaliyar littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990, sannan aka fara buɗe mana labulen ɗakin. Nan muka ga uwar miji mai ƙirga watanni, da dangin miji masu nemo wata, da yawon gidan boka, da mace tana murmushi a taron suna ta koma ɗaki ta yi kuka.

Sai dai ina da ƙorafi guda a kan da yawa daga cikin irin waɗannan labarai, kuma na san ke ma kin lura. Bayan an wahalar da jarumar shafi ɗari uku, a babin ƙarshe sai ta fara amai da kasala, a kai ta asibiti, likita ya ce ciki ne, ƙarshenta ma tagwaye. Maƙiya su ji kunya, a rufe littafi. Babu mai musun ikon Allah, kuma Annabi Zakariyya (AS) ya samu Yahaya bayan tsufa. To amma ita mai karatun da ta kai shekara arba'in da biyar a wani ƙauye na Kunci ko Tsanyawa, wadda babin ƙarshen nan bai zo mata ba fa? Me muka gaya mata? Mun gaya mata cewa haƙurinta bai karɓu ba ke nan? Alhali Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana a Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, cewa Shi ke ba wanda Ya so 'ya'ya mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya haɗa wa wani duka biyu, Ya kuma bar wanda Ya so babu haihuwa. Rabo huɗu aka ambata, kuma ba a ce na huɗun horo ne ba.

Wasu marubutan na kudancin ƙasar nan sun fi ƙarfin halin taɓa inda ke ciwo. Buchi Emecheta, a littafinta The Joys of Motherhood na 1979, ta kawo mace da aurenta na fari ya mutu saboda rashin haihuwa, ta sake aure ta haifi 'ya'ya da yawa, ta ƙarar da ƙarfinta a kansu, amma ta mutu ita kaɗai a bakin hanya. Lola Shoneyin a 2010 da Ayobami Adebayo a 2017 kuwa duka sun gina labaransu a kan gidajen da aka ɗora wa mace laifi alhali matsalar tana wajen miji. A maƙwabciyarmu Nijar, Aicha Macky, 'yar Damagaram, ta fitar da fim na gaskiya a 2016 a kan nata rashin haihuwar, ta sa masa suna da Faransanci mai ma'anar bishiyar da ba ta 'ya'ya. Ta tsaya gaban kyamara ta faɗi abin da dubban mata ke haɗiyewa.

Shin laifin wa?

Kafin mu wuce, bari mu ji ta bakin likitoci, domin rashin sani ya raba aure da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane shida na manya a duniya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, a ƙasashen masu kuɗi da na talakawa. A wajen likitoci, idan ma'aurata suka shekara guda suna tare ba tare da tsarin iyali ba kuma ciki bai samu ba, lokacin bincike ya yi. Kuma a kusan rabin irin waɗannan gidaje, akwai hannun matsalar namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta matar.

Ga mace, abin da ya fi yawa a ƙasashenmu shi ne toshewar hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba yana kawo wannan, haka nan ƙwayar cuta da ke shiga bayan haihuwa ko ɓari a wurin da babu tsabta. Shi ya sa za ki ga mace ta haihu sau ɗaya sannan shiru. Akwai kuma rikicewar al'ada da ƙarin mahaifa. Masu zama kusa da madatsun ruwa irin na Watari da Tomas, masu wanki da noman rani a bakin ruwa, su kula da tsargiya, domin bayan fitsarin jini takan taɓa mahaifa, kuma maganinta yana da sauƙin samu. Ga namiji kuwa, akwai ciwon sanyi, da hangum idan ya kama shi bayan balaga ya sauka a maraina, da kumburin jijiyoyin maraina. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, ingancin maniyyinsa daban, wannan shi ne abin da maza da yawa ba su sani ba.

Saboda haka uwargida, idan za a je asibiti a je tare. Gwajin namiji ya fi sauƙi, ya fi araha, kuma ba ya ciwo. A fara daga babban asibitin da ke kusa, idan ta kama a tura ku Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A guji cusa magungunan da ba a san asalinsu ba, domin wasu kan ƙona gaba su jawo toshewar da da babu ita. Dashen ƙwan haihuwa, wanda aka fara samun nasararsa a Ingila a 1978, malaman Sunna sun halatta shi matuƙar ƙwan matar ne da maniyyin mijinta kuma auren yana nan, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin manoma, kuma ba kullum ake dacewa ba.

Masu haifa su zubar

Yanzu mu tsallaka ɗaya ɗakin. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, kuma har yau da wuya a samu littafin da ya fi shi tona asirin uba mara kula. Alhaji Abdu yana da rumfa a kasuwa, yana da Rabi da 'ya'ya tara, amma cefane sai ya ga dama. Da ya auro Delu sai ya kori Rabi da 'ya'yanta, ita ta dinga sayar da abinci tana ciyar da su tana biya musu makaranta. Sai da gobara ta cinye dukiyarsa sannan ya tuna yana da iyali. An fassara littafin zuwa Turanci a 2012, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga shi, kin ga ke nan ciwon ba namu ne mu kaɗai ba.

A karkara Alhaji Abdu ba ya bukatar rumfa. Shi ne wanda da an gama girbi zai sayar da hatsi ya ƙara aure, ya tafi cirani wata biyar babu aike. Shi ne wanda zai saki mace ya ƙwace yara don ya ƙuntata mata, sannan ya jibge su wajen amarya ko tsohuwar da ba ta iya tashi. Shi ne kuma wanda zai ɗauki yaro ɗan shekara biyar ya danƙa wa malami a wani gari, babu guzuri, babu ziyara, sai ƙoƙon bara. Neman ilmin Alƙur'ani abin alfahari ne, kuma manyan malamanmu da yawa ta tsangaya suka biyo, amma iyayensu ba su manta da su ba. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka dinga mayar da almajirai jihohinsu a manyan motoci, kowa ya ga ƙananan yaran da iyayensu na raye amma suke rayuwar marayu.

Mu ma mata kada mu wanke kanmu. Akwai uwar da za ta ɗora wa 'yar shekara takwas farantin talla tun safe har isha, ba ta tambayar inda ta shiga, tana ƙirga ciniki kawai. Akwai wadda za ta yi sabon aure ta bar ɗanta agola yana kwana a soro don kada ran maigida ya ɓaci. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, mace ma a gidan mijinta da 'ya'yansa. Naƙuda kwana ɗaya ce ko biyu, kiwon kuwa shekara ashirin ne.

Riƙo, tsohon maganin Bahaushe

Tsakanin ɗakin da babu yaro da ɗakin da yara suka yi yawa, kakanninmu sun gina gada tun tuni, ita ce riƙo ko tallafi. Al'adar kunyar ɗan fari ma ta taimaka, domin da an yaye shi sai kaka ko gwaggo ko inna ta ɗauke. Idan mace ta daɗe babu haihuwa, ɗan'uwanta ko 'yar'uwarta kan ce ga wance nan na ba ki. Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne.

Wannan ba labarin littafin hikaya ba ne kawai. Baba ta Karo, wadda aka haifa a wajen Zarewa a ƙasar Kano, ta ba wata baturiya Mary Smith tarihin rayuwarta a garin Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Ta yi aure sau huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, ta aurar, ta tsufa ana kiranta uwa ana kiranta kaka. Duk wanda ya karanta tarihinta zai ga mace mai faɗa a ji a cikin danginta.

A hikaya kuwa, ki tuna Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yaron da aka sace, aka raba shi da uwarsa, Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ya tafi da shi ƙasarsu, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Amma marubucin bai manta da uwar ba, ya bi ta tana keta sahara tana neman ɗanta. Littafin ya ba kowa haƙƙinsa, wanda ya riƙa da wadda ta haifa.

Mafi girman misali kuwa yana gidan Annabi (SAW). Shi kansa maraya ya tashi, Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi, Ummu Aiman ta yi renonsa, ya girma a hannun kakansa Abdulmuɗɗalib, sannan baffansa Abu Ɗalib da matarsa Faɗimatu bint Asad. Uwar Muminai Nana A'isha (RA) ba ta taɓa haihuwa ba, amma ana yi mata alkunya da Ummu Abdullahi saboda ɗan yayarta Asma'u, wato Abdullahi ɗan Zubairu. Da aka kashe ɗan'uwanta Muhammadu, ita ta riƙi ɗansa Alƙasim, ya tashi a ɗakinta ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina. Wace mai bakin ce za ta kira wannan baiwar Allah da sunan da ake kiran 'yar'uwarmu a gidan suna?

Idan za ki riƙa, ko za ki bayar

To amma riƙo ma yana da nasa ramukan, kuma nan ne littattafai suka fi yin shiru. Mun san 'yar riƙon da ta zama baiwa, ita ce surfe, ita ce ɗebo ruwa, 'ya'yan gida na makaranta ita tana talla. Mun kuma san uwar riƙon da ta ci kashi da fitsarin yaro shekara goma sha biyar, da ya fara kawo kuɗi ko aka kawo kuɗin aurenta, sai iyaye suka zo suka ce a ba su abinsu. Ga wasu abubuwa da ya kamata ki riƙe.

Na farko, kada a canza wa yaro uba. Suratul Ahzab, aya ta 4 da ta 5, ta yi umarni a kira su da sunan ubanninsu, shi ya sa aka daina kiran Zaidu ɗan Harisa da ɗan Muhammadu. Ki gaya wa yaro asalinsa tun yana ƙarami, cikin hikima, kada ya ji a bakin 'yan gori a bakin rijiya. Sanin uwarsa ba zai rage miki komai ba.

Na biyu, a yi magana a fili tun ranar farko, a gaban manya biyu ko uku na dangi, in da hali da liman ko mai unguwa. Riƙon na ɗan lokaci ne ko har aure? Wa zai biya makaranta da magani? Wa zai yi kayan ɗaki? Kunya ce ke hana mu wannan, amma kunyar yau ta fi rigimar gobe sauƙi. Ki sani kuma, ciyar da yaro yana kan ubansa ko a hannun wa yake, abin da kika yi alheri ne da lada.

Na uku, ɗan riƙo ba ya gadon wadda ta riƙe shi saboda riƙon, ita ma ba ta gadonsa. Amma shari'a ta buɗe ƙofa biyu. Kina iya yi masa kyauta tun kina da rai da lafiya, tunkiya ko fili ko keken ɗinki, ki danƙa masa a gaban shaidu, domin a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓa. Kina kuma iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarki ba. Haka nan maigida mai adalci, tun yana raye, yana iya mallaka wa matarsa da ba ta haihu ba ɗakinta ko wata 'yar gona, ita ma a gaban shaidu, don kada ta tsufa tana yawon gidajen dangi.

Na huɗu, maganar muharrama. Yaron da ba jininki ba, idan ya balaga, hukuncin hijabi ya hau, haka ita ma yarinya da mijinki. Shi ya sa ɗan ɗan'uwanki ko na 'yar'uwarki ya fi sauƙi gare ki, yarinya daga dangin maigida na kusa kuma ta fi sauƙi gare shi. Shayarwa a cikin shekara biyun farko tana haramta abin da nasaba ke haramtawa, kuma a Malikiyya ko sau ɗaya nonon ya isa cikin jariri ya wadatar. A tambayi malami kafin a yanke hukunci.

Na biyar, idan aure ya mutu kada a mai da yara makamin faɗa. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da reno, bayanta sai kaka ta wajen uwa, sannan inna, wato 'yar'uwar uwa. Lokacin da aka yi jayayya kan wanda zai riƙi 'yar Sayyidina Hamza, Annabi (SAW) ya ba Ja'afaru ne saboda innar yarinyar tana aurensa, ya kuma bayyana cewa inna tana matsayin uwa. Jihar Kano ma ta samu dokar kare haƙƙin yara tun 2023.

Na shida, ke da kika bayar, kada ki janye ƙafa. Ki riƙa zuwa, ki riƙa aike ko da ƙullin daddawa ne, amma kada ki zuga yaro ya raina mai riƙonsa. Ke kuma da kika karɓa, kwano ɗaya, makaranta ɗaya, ɗinkin salla ɗaya da 'ya'yan gida. Idan maraya ne, ki tuna Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna irin kusancinsa da mai ɗaukar nauyin maraya a Aljanna.

Kira ga marubuta da mu kanmu

Ga 'yan'uwanmu marubuta, muna roƙon littafi guda wanda jarumarsa ba za ta yi amai a babin ƙarshe ba. A bar ta yadda Allah Ya bar ta, a nuna mana ita a ƙauyenta da furfura, ɗan da ta riƙa ya dawo daga kasuwar Dawanau ya fara sauke buhu a ƙofar ɗakinta kafin ya wuce gaida wadda ta haife shi, su biyun kuma suna zaune a tabarma ɗaya suna tsince wake. Irin wannan gida yana nan a ƙauyukanmu, ba sai an ƙirƙira ba.

Ke kuma uwargida, kafin watan gobe ki duba danginki da maƙwabtanki. Akwai wadda ake tsallakewa idan ana rabon goron suna don kada a tuna mata, ki kai mata da hannunki, ki miƙa mata jaririn ta ɗauka. Akwai yaron da kowa ya san ba ya cin na dare, ki yi magana da maigida a kansa. Idan kuma ke ce mai ɗakin nan da aka share tas, ki sani ba ki ragu da komai ba a wurin Ubangijinki, kuma ƙofar uwa ba guda ɗaya ba ce.

Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, Ya shirya mana waɗanda Ya ba mu, Ya saka wa duk wadda ta goya ɗan da ba ta haifa ba da gidan Aljanna.